Mai naɗi ya zama mai nema: idan mamban hukuma ya sa ido kan kujerar da hukumarsa ke cikewa

A cikin ayyukan da ake ɗora wa hukumar gudanarwa ta gwamnati, babu wanda ya kai zaɓen shugaban ma'aikata nauyi. Hukumar makarantu ce ke ɗaukar babban jami'in ilimi, majalisar jami'a ce ke naɗa shugaban jami'a, hukumar asibiti ko ta ruwan sha ita ke zaɓen manaja. Mambobin irin waɗannan hukumomi yawanci ba cikakkun ma'aikata ba ne. Suna zuwa zama lokaci-lokaci, a ba su ɗan alawus, wasu ma ba a biyansu komai. Kujerar da suke cikewa kuwa tana tafe da cikakken albashi, da iko a kan ɗimbin ma'aikata, da kwantiragin shekaru. Don haka ba abin mamaki ba ne wata rana ɗaya daga cikinsu ya dubi kujerar ya ce a ransa, ai ni ma na isa.

Sau da yawa kuma ya isa ɗin. Wannan ne ya sa lamarin ke da wuya. Mutum ne da ya yi shekaru yana karanta kasafin kuɗin ma'aikatar, ya san inda take ciwo, ya san ma'aikatanta da sunayensu. Ba lallai ne mugun nufi gare shi ba. Amma amanar da aka ba shi ita ce ya nemo wa jama'a wanda ya fi kowa dacewa, buƙatar kansa kuma ita ce a ce shi ne wannan mutumin. Waɗannan biyun ba sa zama a zuciya ɗaya ba tare da ɗaya ta danne ɗaya ba.

Amsar da aka fi ji daga bakin irin wannan mamba ita ce: "Ba komai, idan an zo ƙuri'a zan tashi in fita." Mutane da yawa kan gamsu da hakan, har da lauyoyin wasu hukumomi. Bai kamata su gamsu ba, domin ranar ƙuri'a ita ce rana mafi ƙarancin tasiri a cikin aikin naɗi gaba ɗaya.

Inda ake yanke hukuncin a zahiri

A fara daga yadda gurbin ya samu. Idan shugaban da ke kai ya rasu ko ya kai shekarun ritaya, babu magana. Amma sau da yawa hukumar ce ta auna aikinsa, ta ba shi maki, ta yanke shawarar ba za ta sabunta masa kwantiragi ba. Mamban da ya fi kowa zafi a wannan zama, wanda ya kawo ƙorafe-ƙorafe ya kuma jefa ƙuri'ar sallama, idan bayan wata biyu ya fito neman kujerar, to duk abin da ya faɗa a baya ya shiga zargi. Ko da gaskiya ya faɗa. Wanda aka sallama ya sami hujjar zuwa kotu, jama'a kuma ba su da hanyar sanin ko don gyara aka cire shi ko don a share wa wani hanya.

Daga nan sai rubuta sharuɗɗan aikin, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna cikin natsuwa. A ce daftarin farko ya nemi gogewar shekara 15 a shugabancin ma'aikata irin wannan. Wani mamba ya ɗaga hannu ya ce 15 ta yi yawa, za ta kori matasa masu hazaƙa, a mai da ita 10. Magana ce mai ma'ana, kowa ya amince. Ya ƙara da cewa bayan an ambaci takardar shaidar da ake buƙata, a sa "ko wata gogewa makamanciyarta". Wannan ma an amince. Sai bayan an fitar da talla aka ga takardar neman aikinsa: gogewarsa shekara 11 ce, kuma ba shi da waccan takardar shaida. Bai jefa ƙuri'a a kan kansa ba ko sau ɗaya, amma shi ya auna ƙofar daidai da faɗin kafaɗarsa.

Haka batun albashi. Hukuma kan sake duba albashin kujerar kafin ta tallata ta, da dalilin cewa sai an ƙara za a jawo ƙwararru. Wanda ya goyi bayan ƙarin alhali yana da niyyar nema, albashin kansa ya yanka. Haka zaɓen 'yan kwamitin tantancewa, da kamfanin da za a ɗauka ya nemo 'yan takara, da inda za a buga tallar, da tsawon lokacin da za a bar ta a buɗe. Tallar da aka ba mako biyu aka kuma liƙa a shafin ma'aikatar kaɗai, na cikin gida ne kawai zai gan ta a kan lokaci. Wadda aka ba mako shida aka aika wa ƙungiyoyin ƙwararru za ta kawo wasu mutane dabam.

Sai takardar ba da maki. A ɗauka maki 100 ne. Idan aka ware 25 ga "sanin ma'aikatar da matsalolinta", na waje ya fara tseren da giɓin da zai yi wuya ya cike, tun da tazarar da ke raba na ɗaya da na biyu a irin wannan tantancewa sau da yawa ba ta da yawa. Sanin ma'aikata abu ne mai amfani, amma abu ne da sabon shugaba mai ƙwazo zai koya cikin 'yan watanni. Ba shi kashi ɗaya cikin huɗu na maki zaɓi ne da wani ya yi, kuma dole a tambayi wane ne.

Akwai kuma abin da ba ya shiga kowace takarda: abin da mamban ya sani. Ya zauna a zaman sirri inda abokan aikinsa suka faɗi abin da ke damunsu tsakani da Allah. Ya san wannan tsoron yajin aiki yake yi, waccan kuma bashin da ke kan ma'aikatar ne ke hana ta barci. Idan ya shiga ganawa, amsoshinsa za su faɗa daidai kan kowace damuwa, masu tambayar su ji kamar ya karanta zukatansu. In kuma ya daɗe bai bayyana niyyarsa ba har takardun sauran masu nema suka fara shigowa, to ya ga tarihin aikinsu, da albashin da suke nema, da raunin kowannensu. A shekarar 2000 George W. Bush ya ɗora wa Dick Cheney aikin nemo masa mataimaki a takarar shugabancin Amurka. Waɗanda ake dubawa suka miƙa cikakkun bayanai a kan dukiyarsu da lafiyarsu da rayuwarsu, a watan Yuli kuma Bush ya sanar da cewa Cheney ɗin ne ya zaɓa. Ba a karya wata doka ba, don zaɓen abokin takara haƙƙin ɗan takara ne. Amma a mayar da wannan tsari cikin hukumar da ke kashe kuɗin jama'a, a ga ko akwai wanda zai yarda an yi masa adalci.

Waɗanda suka rage a ɗakin

Ko da mamban ya fita, waɗanda za su jefa ƙuri'ar abokan zamansa ne na shekaru. Ya taɓa mara wa wannan baya a kan wani ƙuduri, ya taɓa rufa wa wancan asiri. Sun san idan suka ƙi shi, mako mai zuwa zai dawo ya zauna kusa da su, kuma za su buƙaci ƙuri'arsa a kan kasafin kuɗi. Kunya kaɗai ta isa ta karkatar da hannun mutumin kirki. Ma'aikatan ofis kuma sun fi kowa shiga tsaka mai wuya. Sakataren hukuma ko jami'in ɗaukar ma'aikata da zai tace takardu ya fitar da gajeren jerin sunaye, yana tace takardar mutumin da a yau yake cikin masu iko da aikinsa, gobe kuma wataƙila shi ne maigidansa kai tsaye. Da wuya a sami ƙaramin ma'aikacin da zai rubuta "bai cika sharaɗi ba" a kan irin wannan takarda.

Ficewar ma tana da nata lissafin. Hukuma mai mutum 7, ɗaya ya fita, saura 6: ana iya yin kunnen doki uku da uku, naɗin ya tsaya cik. Hukuma mai mutum 5 da biyu daga cikinta suka nemi aikin, saura 3. Idan ukun sun isa zama ya halatta, to mutum biyu ne za su zaɓar wa jama'a shugaban da doka ta ce mutum biyar su zaɓa. A wasu dokokin kuma rinjayen da ake buƙata na dukkan kujeru ne, ba na waɗanda suka halarta ba, sai ya zama dole ukun su haɗu a kan mutum ɗaya, kowannensu ya sami ikon hana ruwa gudu. Ya kamata a duba wannan tun kafin a fara, don naɗin da aka yi ba tare da cikar adadi ba ana iya rushe shi daga baya.

Asara mafi girma ita ce wadda ba a gani. Ƙwararren da ke riƙe da babban muƙami a wani wuri yana saka kansa cikin haɗari idan ya nemi sabon aiki, domin labari na iya kai wa ga masu gidansa. Da zarar ya ji cewa ɗan hukumar na cikin masu nema, sai ya ce an riga an gama, ya janye ko ya ƙi nema tun farko. A ƙarshe hukumar ta dubi 'yan takardun da suka rage ta ce, ga shi kuwa namu ya fi kowa. Ya fi waɗanda suka rage ne kawai. Waɗanda za su iya kayar da shi ba su zo ba, kuma babu rahoton da zai nuna hakan.

Bayan naɗin ma matsalar ba ta ƙarewa. Idan ya samu, waɗanda za su riƙa auna aikinsa su ne tsofaffin abokan zamansa da suka sa sunansu a kan zaɓensa. Amincewa cewa ya gaza daidai yake da amincewa cewa sun yi son kai. Idan kuma bai samu ba ya koma kujerarsa, to sabon shugaban zai yi aiki a ƙarƙashin mutumin da ya kayar, wanda zai sa hannu a kan makinsa na shekara da ƙarin albashinsa da sabunta kwantiraginsa. Wannan hali na biyu an fi mantawa da shi, alhali yana iya gurgunta ma'aikata na tsawon shekaru.

Abin da dokoki suka yi

Ƙa'idar cewa mutum ba ya alƙalanci a shari'ar da yake da rabo a ciki tsohuwa ce. A 1852 Majalisar Dattawan Birtaniya ta soke hukuncin da Lord Cottenham, babban jami'in shari'a na ƙasar, ya yanke a shari'ar wani kamfanin hanyar ruwa, saboda yana da hannun jari a kamfanin. Ba wanda ya ce jarin ne ya karkatar da shi. Kasancewar yana da shi kawai ta wadatar. Tarihin Musulunci ma yana da misali da ya dace da wannan batu sosai. Sa'ad da Sayyidina Umar ya bar zaɓen halifa a hannun mutum shida a shekarar 644, Abdurrahman bin Auf ya fara cire kansa daga neman muƙamin, sannan aka miƙa masa aikin tuntuɓar jama'a da tsayar da wanda za a yi wa mubaya'a. Sai da ya ajiye nema kafin ya karɓi alƙalanci.

Dokokin zamani da suka fi aiki su ne waɗanda suka ƙayyade tsawon lokacin jira. A Ingila, sashe na 116 na dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ya hana majalisar ƙaramar hukuma ta ba kansilanta aikin albashi muddin yana kansila, da kuma wata 12 bayan ya sauka. A jihar Teksas ta Amurka, ɗan hukumar gundumar makarantu ba zai karɓi aiki a gundumar ba sai shekara guda ta cika da barinsa kujera. Jihar Masachusets ta hana hukumomin garuruwa naɗa mambansu a kan muƙamin da ke ƙarƙashin kulawarsu har sai kwana 30 sun wuce da saukarsa, sai dai idan babban taron shekara na mutanen garin ya amince tun kafin naɗin. Kwana 30 sun fi babu, amma a gaskiya sun yi kaɗan. Neman shugaban ma'aikata kan ɗauki watanni, don haka mutum na iya zama a rubuta sharuɗɗa da shi, ya sauka ranar da aka fitar da talla, kafin ranar ganawa ta zo kwanakinsa sun cika.

Kalifoniya ta bi ta wata hanya mai tsauri. Sashe na 1090 na dokar gwamnatinta ya hana jami'i samun rabon kuɗi a kwantiragin da shi ko hukumar da yake ciki ta ƙulla, kuma kotunan jihar sun tsaya a kan cewa ƙaurace wa ƙuri'a ba ya wanke ɗan hukuma: muddin yana kan kujera, ana ɗaukar cewa da shi aka ƙulla. Tun shari'ar Thomson da Call ta 1985 aka tabbatar cewa irin wannan kwantiragi ɓatacce ne, kuma jami'in na iya rasa duk abin da ya karɓa ko da ya yi da kyakkyawar niyya. A 2001, a shari'ar Finnegan da Schrader, an yi amfani da wannan sashe a kan ɗan wata hukumar kula da magudanan ruwa da hukumarsa ta ba shi muƙamin manaja, kotu ta ce naɗin ya saɓa wa doka.

Tsarin mulkin Amurka na 1787 ya hango ɓangaren albashi. Ya hana a naɗa ɗan majalisar tarayya a muƙamin da aka ƙirƙira ko aka ƙara wa albashi a cikin wa'adin da aka zaɓe shi. A 1973 Shugaba Nixon ya so naɗa Sanata William Saxbe ministan shari'a, alhali an ɗaga albashin kujerar daga dala 35,000 zuwa 60,000 a 1969 yana majalisa. Sai majalisa ta mayar da albashin dala 35,000 don naɗin ya yiwu. An sake irin wannan dabara lokacin da Hillary Clinton za ta zama sakatariyar harkokin waje a 2009. Dabarar ta toshe kafar kuɗi, kuma hukumomi na iya aron ta, amma ba ta taɓa sauran kafofin da aka ambata a sama.

A Najeriya, jadawali na biyar na tsarin mulkin 1999 ya buɗe ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da hana jami'in gwamnati saka kansa a matsayin da buƙatar kansa za ta ci karo da aikinsa. Ƙa'ida ce ingantacciya, irinta kuma tana cikin dokokin ƙasashe da yawa. Sai dai jumla irin wannan ba ta faɗi ranar da mutum zai sauka ba, ba ta faɗi tsawon jiran ba. Wannan giɓi dokar da ta kafa kowace hukuma, ko ƙa'idojin cikin gidanta, su ne ya kamata su cike shi.

Yadda ake rubuta ƙa'idar da za ta yi aiki

Abu na farko shi ne lokacin rubutawa. A rubuta ta sa'ad da babu gurbi kuma babu wanda ake tunanin yana nema. Ƙa'idar da aka kawo bayan wani ya nuna sha'awa za a ɗauke ta a matsayin makami a kansa, shi da magoya bayansa su yaƙe ta, su kuma yi gaskiya a wani ɓangare.

Sannan a fayyace daga yaushe agogo ke fara bugawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce "kafin a naɗa shi" ko "kafin ya miƙa takardar nema". Ma'aunin da ya dace shi ne zama na farko da hukuma ta tattauna gurbin ta kowace fuska: makomar mai riƙe da kujerar, sharuɗɗa, albashi, ko kwamiti. Shugaban hukuma ya buɗe wannan zama da tambayar kowane mamba ɗaya bayan ɗaya ko yana da niyyar nema, ko wani nasa na kusa yana da ita, a rubuta amsar kowa a bayanin zaman. Wanda ya ce a'a ya zauna aka ci gaba da shi, ya rufe wa kansa ƙofa a wannan zagaye, ko da daga baya ya sauya ra'ayi. Wanda ya ce e, ko ya ce bai yanke shawara ba, ya tashi nan take. Wanda tunanin ya zo masa tsakanin zama da zama ya sanar a rubuce cikin 'yan kwanaki. Wata dokar Amurka ta 2012 ta ba manyan jami'an tarayya kwana uku na aiki su bayyana cewa sun fara tattaunawar neman wani aiki, kuma wannan ma'auni ne mai kyau.

Tashin kuma ya zama murabus na gaske, ba hutu ba. "Na jingine kujerata har a gama" yana nufin zai dawo idan ya faɗi, kuma masu ƙuri'a sun san haka. Murabus mai sharaɗi, irin na "zan sauka idan an ba ni", ya fi muni, don an ƙulla yarjejeniyar yana kan kujera. Takardar murabus ta ɗauki kwanan wata, ta fara aiki nan take, kuma a hana sake naɗa shi a hukumar har wani lokaci, don kada a yi masa alkawarin mayar da shi a ɓoye. Daga ranar a cire shi daga jerin masu karɓar takardun zama da saƙonnin hukuma, a rufe masa shiga ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta, ya mayar da takardun sirri da ke hannunsa. Wannan ƙaramin aiki ne na ofis, amma shi aka fi sakaci da shi, sai a tarar mutum ya sauka wata biyu ke nan yana ci gaba da samun daftarin tambayoyin ganawa a akwatin saƙonsa.

Tsawon jira ya wuce tsawon aikin nema gaba ɗaya. Wata 12 shi ne abin da ya fi dacewa da babban muƙami: ya isa a yi sabon kasafin kuɗi ba da shi ba, bayanan da ya sani su tsufa, wataƙila ma a sami sababbin fuskoki a hukumar. Wata 6 shi ne mafi ƙaranci da za a iya karewa. A kuma faɗaɗa ma'anar "aiki" ta haɗa da kwantiragin ba da shawara da aikin wucin gadi, in ba haka ba za a ba shi aikin da wani suna.

Riƙon ƙwarya shi ne babbar kafar da ake bi. Shugaba ya tafi ba zato, hukuma ta ce ɗaya daga cikinmu ya riƙe kafin a samu wani. Wata uku su zama tara, mai riƙon ya sauya manyan jami'ai, ya saba da kowa, ranar tantancewa kuma a ce ga wanda ya riga ya nuna zai iya. In dole ne ɗan hukuma ya riƙe, a sa wa'adi a rubuce, kada ya wuce wata shida, ya ajiye ƙuri'arsa a tsawon lokacin, ya kuma sa hannu cewa ba zai nemi kujerar dindindin ba. Mafi sauƙi shi ne a ba mataimakin shugaban da ya tafi.

Akwai kuma wanda zai ce, ni ban nema ba, su suka roƙe ni. Wani lokaci haka ne. Amma roƙon da aka yi a bayan fage tsakanin abokan zama shi kansa yanke hukunci ne ba tare da talla ko gasa ba, kuma ya nuna masu ƙuri'ar sun riga sun karkata. Ƙa'idar ta hau kansa kamar yadda ta hau kan wanda ya nema da bakinsa, waɗanda suka roƙe shi kuma su bayyana hakan.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kan duk wannan ita ce ta ƙananan wurare, inda masu ilimin aikin ba su da yawa kuma mafi ƙwarewarsu ya riga ya shiga hukumar don taimako. Hana shi aikin na iya zama cutar da jama'ar da ake son karewa, ya kuma sa ƙwararru su guji shiga hukumomi tun farko. Hujja ce ta gaskiya, kuma ya kamata a bar mata ƙofa. Sai dai mabuɗin ƙofar kada ya kasance a hannun hukumar kanta. A fara tallata aikin sosai, a nuna a rubuce cewa ba a sami wanda ya cika sharuɗɗa ba, sannan wata hukuma ta sama ko taron jama'a a fili ya ba da izini, kamar yadda Masachusets ta bar wa taron gari. Tantancewar kuma a ba mutanen waje rinjaye a cikinta.

A bambanta wannan duka da zaɓen da mambobi kan yi a tsakaninsu na shugaban hukuma ko mataimakinsa. Wannan muƙami ne da doka ta ce daga cikinsu zai fito, kuma dokar Ingila da aka ambata ta keɓe shi. Damuwar tana kan aikin albashi da ke ƙarƙashin kulawar hukumar.

Idan kuwa an riga an yi nisa kafin mamban ya fito da niyyarsa, gyaran yana da tsada amma a bayyane yake. Duk matakin da aka ɗauka yana zaune a sake shi ba da shi ba: a sake duba sharuɗɗa da albashi da rabon maki, a sauya tambayoyin ganawa, a sake buɗe talla, a sanar da sauran masu nema abin da ya faru a rubuce. In ya riga ya ga takardunsu, babu gyaran da zai goge abin da ya gani, sai dai a cire shi daga wannan zagaye. Mai bibiyar lamarin daga waje, ɗan jarida ne ko ɗan ƙasa, takardu huɗu zai nema ya jera kwanakinsu: bayanin zaman da aka fara maganar gurbin, daftarin sharuɗɗa na farko da na ƙarshe, takardar murabus, da takardar neman aikin. Idan kwanan murabus ya zo bayan kwanan da aka amince da sharuɗɗa, sai a duba wane ne ya kawo kowane gyara a tsakanin daftarin biyu.